Yadda Ake Karɓa, Tsarawa da Adana Tsofaffin Takardu da Littattafai Masu Wuyar Samu a Laburaren Jami'a

Tsofaffin takardu ba kasafai suke isowa laburaren jami'a a kimtse ba. Wani farfesa ya rasu, iyalansa sun kwashe ofishinsa sun zuba a buhuna da kwalayen taliya. Wani gidan malamai ya ga gara ta fara shiga ɗakin kakansu, sai ga su da adaka cike da gafaka. Ko kuma ofishin magatakardan jami'a ya rasa wurin ajiya, ya turo fayilolin shekara 50 a bayan a-kori-kura. Daga ranar da kayan suka sauka zuwa ranar da mai bincike zai rubuta lamba a 'yar takarda a miƙo masa abin da yake nema, akwai aiki mai yawa a tsakani, kuma a cikinsa ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Irin wannan aiki ake yi a Arewa House da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1970 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da laburaren Kenneth Dike a Ibadan, da sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai.

Ƙa'ida biyu za su bi ka tun daga farko har ƙarshe. Kada ka motsa abu sai ka rubuta inda ka same shi. Kada ka yi wa takarda abin da wani ba zai iya warwarewa ba bayanka.

Mataki na farko: kayan na wane ne?

Kafin ka ɗauki ko warƙa ɗaya, ka tabbatar wanda ya kawo yana da ikon bayarwa. A ƙasar Hausa littattafan mamaci gado ne, kuma babban ɗa ba shi kaɗai ne magaji ba. Idan ka karɓa daga hannun mutum ɗaya, wata rana ƙanwarsa da ke aure a wani gari za ta zo neman haƙƙinta, kuma tana da gaskiya. Saboda haka a zauna da wakilan magada, a rubuta yarjejeniya da harshen da suke karantawa, a sa shaidu.

Takardar ta fayyace irin bayarwar: kyauta ce, ko sayarwa, ko waƙafi, ko aro na wani adadin shekaru. Ta faɗi wanda ke da izinin bugawa ko ɗorawa a intanet. Ta kuma faɗi abin da iyalin ba sa so a buɗe yanzu. Wannan na ƙarshen mutane kan manta da shi. A cikin kayan malami za ka iske hatimai da laƙanoni da ya gada, da lissafin bashi, da wasiƙun sulhun aure, wani lokaci har da takardun da suka ambaci bayi da sunayensu, alhali jikokinsu suna nan a unguwa. A sa wa kowane hani wa'adi, a ce shekara 20 ko 30. Hanin da ba shi da ranar ƙarewa kulle tarihi ne kawai.

Ka yi amfani da wannan zama ka yi tambaya. Wane ne mai kayan, ina ya yi karatu, su wa ya koyar, an taɓa raba littattafan a wani rabon gado da ya gabata? Abin da dattijon gida zai faɗa maka a zaure cikin rabin sa'a, ba lallai ka same shi a rubuce ko'ina ba.

Mataki na biyu: rajista

A ranar da kaya suka shigo a shigar da su babbar rajista. A ba su lamba mai ɗauke da shekara, misali 2025/007, wato karɓa ta bakwai a wannan shekarar. A rubuta wanda ya kawo, da yawan mazubai, da halin da suke ciki. A ɗauki hoton kowane buhu da adaka kafin a buɗe, a sake ɗauka bayan an buɗe kafin a fitar da komai. A liƙa lambar a jikin mazubi, ba a jikin takarda ba.

Mataki na uku: killacewa

Sabon kaya ba ya shiga ma'ajiya kai tsaye. A ajiye shi a wani ɗaki dabam na mako biyu zuwa huɗu, a shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashinsa. Idan ka ga wani gari-gari mai laushi yana zubowa, ƙwaro na nan da rai yana ci.

Hanya mafi aminci ta kashe ƙwari ita ce sanyi. A sa kayan a leda mai kauri, a matse iska, a ɗaure sosai, a sa a firiza mai kai maki 20 ƙasa da sifili, su yi mako guda cur ko fiye. Da an fitar, kada a kwance ledar sai bayan kwana ɗaya, don raɓar da za ta taso ta tsaya a bayan leda. Matsalar ita ce wuta. Firizar da ke narkewa kowane dare ba ta kashe ƙwai, jiƙa takarda kawai take yi. In babu sola ko janareta mai tabbas, a nemi ledar da iska ba ta ratsawa da ƙunshin sinadarin da ke tsotse iskar shaƙa, a rufe kayan mako uku zuwa huɗu. Fiya-fiya da sauran maganin feshi kuwa kada su kusanci takarda. Suna barin tabo, kuma wanda zai buɗe littafin bayan shekara biyar shi zai shaƙa.

Funfuna sha'aninta dabam ne. Idan tana da laima tana wari, tana da rai. A baza takardun a inuwa inda iska ke kaɗawa, a kunna fanka ta gefe, har ta bushe ta koma ƙura, sannan a kakkaɓe da buroshi mai taushi a waje, da takunkumi a fuska. Shanya a rana, wadda ita ce dabarar da kowa ke fara kawowa, tana koɗar da tawada tana ƙeƙasar da takarda.

Mataki na huɗu: ka duba duka kafin ka taɓa tsari

Sabon ma'aikaci mai himma yana ganin tarin takardu zuciyarsa za ta ce ya ware fiƙihu gefe, nahawu gefe, wasiƙu gefe, ya haɗa da irinsu da ke cikin laburare. A littattafan kanta haka ake yi. A kayan tarihi kuwa wannan ɓarna ce.

Masu wannan sana'a sun daɗe da tsayawa a kan abu biyu. Na ɗaya, kayan mutum ɗaya ko ofis ɗaya ba a gauraya su da na wani. A Faransa aka mayar da wannan doka a 1841. Na biyu, a bar su a jeren da mai su ya bar su. Dalili a fili yake. Wasiƙar da ba ta da kwanan wata, idan ka same ta a tsakanin rasiɗin haraji biyu na 1938, ka san zamaninta. Ka cire ta ka kai fayil ɗin "wasiƙu", shi ke nan ta zama marainiya. Haka littattafan da malami ya haɗa a gafaka ɗaya suna nuna abin da yake koyarwa tare, ko abin da ya karanta a wurin malami ɗaya.

To, sai ka bi mazubai ɗaya bayan ɗaya, da fensir da littafin rubutu, kana rubuta abin da ke ciki a dunƙule, da shekarun da ka gani, da abin da ya lalace. Bayan ka gama zagayen za ka ga rukunan da suke nan tun asali, kamar wasiƙu, takardun koyarwa, hotuna, littattafan hannu. Su za su zama sassan tarin. Sai idan kayan sun zo a hargitse ƙwarai, an share ɗaki an zuba a buhu, sannan kake da izinin ƙirƙiro tsari naka, kuma dole ka rubuta a bayanin tarin cewa kai ka tsara.

A nan ne kuma za ka yanke yawan lokacin da kowane sashe ya cancanta. A 2005 wasu masana biyu a Amurka, Mark Greene da Dennis Meissner, suka ja hankalin abokan aikinsu cewa yawan ƙaƙale ne ke sa kaya su shekara goma a rufe ba wanda ya gani. A ganina sun yi gaskiya a kan fayilolin ofis: bayanin fayil-fayil ya isa, ba sai an bi takarda-takarda ba. Amma littafin hannu ba ya ɗaukar wannan gaggawa.

Mataki na biyar: littattafan hannu na Larabci da Ajami

Littattafanmu na da ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne a sake, a tsakanin tadarishi, wato bango mai tauri, a ɗaure da tsirkiyar fata, a cikin gafaka. Iska ɗaya daga taga ta isa ta mayar da aikin wata guda baya, don haka a kashe fanka kafin a kwance.

Abu na farko, ka sa wa kowace warƙa lamba da fensir mai laushi a kusurwar sama, a jeren da ka same su, ko da ka ga alamar sun hautsine. Warƙa ake ƙirgawa, ba shafi ba, sai a ce 12a da 12b. Bayan haka ne za ka duba ko jeren daidai yake. Masu kwafi sun bar mana jagora: a ƙasan bayan kowace warƙa sukan rubuta kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Ka bi waɗannan kalmomi. Inda kalma ba ta haɗu da na gabanta ba, ko dai warƙa ta ɓata, ko ta shiga wani wuri, ko kuma wani littafin ne ya fara. Gafaka ɗaya kan ɗauki littafi biyar ko goma, kowanne kuma sai an ba shi ƙaramar lambarsa. Idan ka sake jeren, ka ajiye jadawalin tsohuwar lamba da sabuwa.

Sai ka nemi sunaye uku, kada ka rikita su: wanda ya wallafa, wanda ya kwafa, da wanda aka kwafa wa ko ya mallaka. Mawallafi yakan zo a farko bayan basmala. Mai kwafi da mai littafi sukan zo a ƙarshe, bayan "tammat". Shekaru ma biyu ne. Waƙar Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, idan ka same ta a takardar makaranta mai layi, shekarar wallafa dabam, shekarar kwafi dabam, kuma duka biyun ake rubutawa.

Malamanmu sukan ɓoye shekara a cikin ramzi, wato haruffa masu ƙimar lissafi, kuma a nan mutane da yawa ke zamewa. Lissafin da ake bi a ƙasashenmu na Magariba ne, ba na Gabas ba. A na Magariba shin 1000 ne, a na Gabas 300. Ɗauki shin, ra, ya da ha ƙarami. A lissafinmu 1000 da 200 da 10 da 8 ke nan, wato 1218, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, a watan Fabrairun 1804. Wanda ya bi lissafin Gabas zai samu 518, ya mayar da littafin baya da shekara 700. Haruffa shida ne suka saɓa tsakanin lissafin biyu, saboda haka ka liƙa jadawalin a gaban teburinka. Don juya Hijiriyya zuwa Miladiyya a gurguje, ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, amma ka tuna shekarar Hijiriyya kan ratsa shekarun Miladiyya biyu, sai a rubuta 1803/4.

Idan babu shekara sam, takardar kanta za ta taimaka. Ka ɗaga warƙa ka haska ta baya da fitilar da ba ta zafi. Sau da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Wannan takardar Italiya ce, irin wadda gidan Galvani ke yi a Pordenone, da fatake ke ratso Sahara da ita daga Tarabulus da Masar a ƙarni na 19. Alamar tana faɗa maka lokacin da littafin ba zai girme shi ba, ba ta faɗa maka ranar rubutu, domin takarda kan daɗe a ajiye kafin a yi amfani da ita.

Ka rubuta harshe, da salon hannu, da launukan tawada, da tsawo da faɗi a santimita, da yawan layi a shafi, da layin farko da na ƙarshe. Kada ka tsallake hashiya, wato rubutun gefe. Fassarar da ɗalibi ya cusa tsakanin layuka da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci wani lokaci ta fi matanin daraja a wurin mai bincike, tunda matanin akwai kwafinsa ɗari. Idan kuma ba ka iya karanta hannun ba, ka ɗauko alaramma ko malamin zaure ku zauna tare, a biya shi haƙƙinsa. Alƙur'ani a ba wanda ke da alwala ya riƙa ɗauka, domin iyalin da suka ba da amana suna kallon yadda ake riƙe ta.

Mataki na shida: shara da sabon mazubi

A kakkaɓe ƙura da buroshi mai taushi, daga tsakiya zuwa baki, a kauce wa inda tawada ke ɓanɓarewa. Tawadar da aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe tana cin takarda a hankali. Idan ka ga haruffa sun fara zama huji, ka daina taɓawa, ka ware wa gwani. A cire fin da ƙusar haɗa takarda masu tsatsa da robar ɗaure kuɗi. A buɗe abin da ke ninke in ya yarda, in ya yi gardama a bar shi.

Salatif, gam da laminatin haramun ne a wannan ɗaki. Salatif yana bushewa ya faɗi ya bar tabon da ya ratsa takarda, laminatin kuwa zafi da roba ne da ba sa fita. Yagewa ana liƙe ta da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, saboda ruwa kaɗan zai sake shi in an so. Wanda bai koya ba ya sa warƙar a fayil ɗinta ya bar ta haka.

A zuba a fayil da kwali marasa asid. In kuɗi bai kai ba, a naɗe da farar takarda marar asid kafin a sa a kwalin da ake da shi. Gafaka da tadarishi ba a yar da su: a ba su lambar littafinsu, a naɗe dabam, a ajiye kusa. Hotuna kowanne da rigarsa.

Mataki na bakwai: bayanin tarin

Kayan da ba a bayyana ba tamkar babu su. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ISAD(G), wadda majalisar masu adana kayan tarihi ta duniya ta fitar a 1994 ta sabunta a 2000. Tana da gurabe 26, amma 6 ne ba makawa: lambar kira, suna, wanda ya samar da kayan, shekaru, yawa, da matakin bayani. Ana farawa daga sama a gangaro, wato tarin gaba ɗaya, sai sashe, sai fayil, sai takarda guda in ta cancanta. Misali, MS 14 tarin Malam Wane ne, 1895 zuwa 1962, kwali 9; MS 14/2 wasiƙunsa; MS 14/2/5 wasiƙunsa da alƙalin gari. A gaba a sa taƙaitaccen tarihin mai kayan da yadda suka iso. Manhajojin AtoM da ArchivesSpace, na rubuta irin wannan bayani, kyauta ake sauke su, amma jadawalin Excel mai tsafta ya fi manhajar da ba wanda ya iya. A buga kwafi ɗaya a takarda a ajiye a ɗakin karatu.

Mataki na takwas: littattafan ɗab'i

Tsufa ba shi kaɗai ke sa littafi ya yi wuyar samu ba. Ƙamus ɗin Hausa da Turanci na Bargery na 1934 yana da daraja, amma akwai shi a laburare da dama a duniya. Ƙananan littattafan yaƙi da jahilci da NORLA, hukumar buga littattafai ta Jihar Arewa, ta buga a Zariya a shekarun 1950, da fitowar farko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga Janairun 1939, da ƙasidun Ajami da ake sayarwa a bakin masallaci, da bugun farko na littattafan kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990, su ne ke ɓacewa, don ba wanda ya ɗauke su abin ajiya. Kuma takardarsu ta niƙaƙƙen itace ce mai asid, shi ya sa jaridar 1955 ke karyewa a hannu alhali warƙar 1820 da aka yi da tsumma tana nan garau. Ka zaga kantocin laburarenku ka tsamo irin waɗannan.

Kowane littafi a ƙirga shafukansa, a tabbatar taswira da hotunan da aka ce yana da su suna nan. A rubuta abin da ya keɓanta da wannan kwafin: sa hannun mai shi, hatimin En'e ko na makarantar Midil, rubutun gefe. Ba a manna masa lamba a ƙashin baya. A rubuta ta a dogon tsirin takarda marar asid a soka a ciki ya leƙo. Hatimin laburare ƙarami ɗaya a bayan shafin suna ya wadatar. Kada a kai wa mai ɗinkin littafi na kasuwa, domin zai datse gefe ya yar da bangon asali. Wanda bangonsa ya rabu a yi masa kwali daidai jikinsa. Manyan kundaye da ɗaurin jaridu a kwantar da su.

Mataki na tara: ma'ajiya

Ana so zafi ya tsaya wajen maki 18 zuwa 22, laima kuma tsakanin kashi 35 da 55 cikin ɗari. A arewa hunturu kan saukar da ita ƙasa da 20, a watan Agusta ta haura 65, inda funfuna ke tashi. Abin da ya fi cutarwa shi ne hawa da sauka. Na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki daga takwas zuwa huɗu a kashe ta da yamma, gara babu ita. Ɗaki na tsakiyar gini mai kaurin bango, da kwalaye a rufe, ya fi zama lafiya. Kanta ta ƙarfe, ta ɗaga daga ƙasa da santimita 15, ta ja baya daga bango yadda za a ga hanyar gara. A duba rufi kafin ruwan farko.

Mataki na goma: hoto da ɗakin karatu

Sai an gama bayani ake ɗaukar hoto, in ba haka ba za ka tara dubban hotuna marasa suna. Kyamara a kan mariƙi, babu filasha, a sa ruler a gefe, a ajiye a tsarin hoto na TIFF da ƙarfin ɗigo 300 zuwa 400 a kowane inci, sunan kowane hoto ya zama lambar warƙarsa. Kwafi uku, ɗaya a wani gini dabam. Shirin ceto takardu na laburaren Birtaniya, wanda ya fara a 2004, yana ba da tallafin irin wannan aiki, kuma sharaɗinsa asalin kayan su zauna a ƙasarsu. Ka kai wa iyalin da suka bayar nasu kwafin. Maƙwabtansu masu adaka a ɗaki za su ji labari.

A ɗakin karatu fensir kawai, babu jaka, babu ruwan leda, babu goro. Hannu wankakke busasshe ya fi safar auduga wajen juya warƙa, safar a bar wa hotuna. A hana lasar yatsa. Fayil ɗaya ake bayarwa a lokaci guda. Takardar nema ta zama kwafi biyu, ɗaya a teburin ma'aikaci, ɗaya a gurbin da aka ciro kwalin. A ƙirga warƙoƙi a gaban mai bincike lokacin miƙawa, a sake ƙirgawa a gabansa lokacin karɓa, ku biyun ku sa hannu kafin ya tashi.